Ɓera Ya Sha Hodar Iblis, Hoto Ya Yi Ja: Ƙwaƙwalwa Ce Ta Motsa Ko Jini?

Ƙanwar Kowa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Taimako nake nema kafin Talata. An ba ni gabatarwa a sashenmu kan magunguna masu zaburar da ƙwaƙwalwa, sai na ɗauko hotunan fMRI, wato hoton MRI da ake bin aikin ƙwaƙwalwa da shi, na ɓerayen da aka yi wa allurar hodar iblis da amfetamin. A hoton, tsakiyar ƙwaƙwalwar duk ta yi ja da ruwan ɗorawa. Na rubuta a saman shafin: "Yadda hodar iblis ke kunna cibiyar jin daɗi a ƙwaƙwalwa." Malamin da ke duba aikina ya ja layi ƙarƙashin "kunna", ya sa alamar tambaya, ya miƙo mini bai ce uffan ba. Don Allah me ya gani?

Mai Hoto: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ko ni ne nan zan ja layin. Shekara goma sha ɗaya ina gaban na'urar MRI a asibiti, kuma abin da nake fara gaya wa ɗaliban da ake turo mana shi ne, wannan na'ura ba ta san ƙwayar jijiya ba. Jini ta sani. Hemogulobin da ke cikin jini, muddin yana ɗauke da oksijin, maganaɗisu bai dame shi ba. Da ya sauke oksijin ɗin sai ya fara amsa wa maganaɗisu, ya dagula filin maganaɗisun da ke kewaye da jijiyar jinin, siginar wurin ta ragu. Linus Pauling da Charles Coryell ne suka gano haka tun 1936. Abin da ake kira BOLD ke nan: yawan jinin da ya riga ya sauke oksijin a wannan ɗan gurbi. Jan da kike gani kuwa kwamfuta ce ta shafa shi daga baya. Da shuɗi aka ce ta shafa, shuɗi za ki gani.

Ƙanwar Kowa: To Yaya, ai in wuri yana aiki oksijin zai ci, jinin da ya sauke oksijin ya ƙaru, sigina ta ragu. Me ya sa ake cewa ƙaruwa take yi?

Baba Farfesa: Madalla 'yata, kin taɓo wurin. Ƙwaƙwalwa almubazzara ce wajen kiran jini. A 1986 Peter Fox da Marcus Raichle sun auna da PET, wata na'urar ɗaukar hoton aikin cikin jiki, a St. Louis ta Amurka: da aka motsa wa mutum yatsu, gudun jini a ɓangaren da ke jin taɓawar ya ƙaru da kashi 29 cikin ɗari, amma cin oksijin da kashi 5 kacal ya ƙaru. Wato sabon jini yana kwararowa fiye da buƙata, ya wanke tsohon, sigina ta hau.

Ki ɗauka kina saman bene kina kallon unguwa, ba kya ganin cikin gidaje, 'yan garuwa kawai kike gani da kurarsu. Gidan da kika ga sun yi wa layi sai ki ce yau ana biki ko suna. Yawanci kin yi daidai. Tun 1890 Roy da Sherrington suka kawo wannan magana a Kambirij, sai bayan shekara ɗari Seiji Ogawa ya nuna, a 1990, cewa MRI na iya ganin bambancin. Kuma a kan ɓeraye ya nuna, ba a kan mutane ba. Matsalar taki ita ce maganin da aka ba ɓeranki bai tsaya ga masu biki ba. Ya shiga cikin 'yan garuwar su kansu.

Mai Hoto: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, shi ke nan an gama. Hodar iblis tana ɗaga bugun zuciya, tana ɗaga matsin jini, tana matse jijiyoyin jini. Amfetamin haka, har zafin jiki yana ɗagawa. Kin ba dabba abin da ke wasa da bututun ruwa, sannan kin auna ruwa, kin ce kin gano abin da ake dafawa a madafi. Ni a ganina yawancin waɗannan hotuna aikin famfo ne aka yi wa ado.

Bazazzagi a Turai: Mai Hoto, ka yi saurin yanke hukunci. Na farka na tarar da wannan magana, kuma aikina ke nan yau shekara huɗu, ɓera da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 9.4. Kana magana kamar masu binciken ba su san da famfon ba. Sun sani tun ranar farko, kuma sun gwada.

Ga ɗaya. A 1997 rukunin Bruce Jenkins a babban asibitin Massachusetts da ke Boston sun ɗauki ɓeraye suka kashe ƙwayoyin da ke samar da dofamin, sinadarin saƙo da ke da hannu a jin daɗi, a gefe ɗaya na ƙwaƙwalwa da wani guba da ake kira 6-OHDA, suka bar ɗaya gefen lafiya. Suka ba su amfetamin. Gefen da ke lafiya ya amsa, gefen da aka lalata bai amsa yadda ɗan'uwansa ya yi ba. Zuciya ɗaya ce ke harba jini zuwa gefen biyu. Matsin jini ɗaya, numfashi ɗaya, zafin jiki ɗaya. In famfo ne kawai, me ya hana gefen biyu su yi ja tare? Kuma sun sa ɗan siririn bututu a ƙwaƙwalwa suna tatso ruwan wurin suna auna dofamin, suka ga hawa da saukarsa ya bi sawun hawa da saukar siginar.

Ga na biyu. Akwai wani nau'in hodar iblis da aka sauya wa gini, metiyodaid, wanda ba ya iya tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Yana ɗaga matsin jini amma ba ya shiga ciki. Da shi ake raba gardama: abin da ya haifar na famfo ne, abin da ainihin hodar ta ƙara a kai na ciki ne.

Mai Hoto: Na ji na farkon, kuma hujja ce. Amma me ta tabbatar? Ta tabbatar siginar tana buƙatar dofamin. Ba ta tabbatar ƙwayoyin jijiya sun ƙara harbi ba. Ba abu ɗaya ba ne. Shi dofamin ɗin ai yana taɓa jijiyoyin jini kai tsaye.

Baba Farfesa: Wannan gaskiya ne, kada ka yi masa musu ɗana. A 1998 rukunin Patricia Goldman-Rakic a jami'ar Yale sun nuna ƙarshen zaren dofamin yana zuwa dab da ƙananan jijiyoyin jini a ɓawon ƙwaƙwalwa, kuma da aka ɗiga dofamin a kan yankakkiyar ƙwaƙwalwa jijiyoyin sun tsuke. Wato mai gidan bikin yana da lambar wayar ɗan garuwa, yana iya kiransa ko da ba a ɗora tukunya ba.

Bazazzagi a Turai: Ban musa ba Baba. Na yarda 6-OHDA ya kore matsin jini ne kawai, bai kore dofamin a jikin jijiyar jini ba. Amma daga "akwai hannun jijiya a ciki" zuwa "duk aikin famfo ne" akwai tafiya mai nisa, kuma Mai Hoto tsalle ɗaya ya yi.

Ɗan Maraɗi: Ku yi mini uzuri, ni ba fannina ba ne, malamin lissafi ne ni. Ta yaya ake sa ɓera ya kwanta shiru cikin wannan na'ura mai ƙara kamar injin niƙa? Ni da aka sa ni ciki sau ɗaya sai da na karanta duk abin da na haddace.

Anti Likitar Dabbobi: Ɗan Maraɗi ka yi tambayar da nake jira. Ba ya kwantawa, kwantar da shi ake yi. Kuma a nan ne ni tawa gardamar take, domin duk kun tsaya kan hodar iblis kun manta ɓeran magani biyu ya sha.

Isofuluren, iskar sa barci da aka fi amfani da ita, tana buɗe jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Tun kafin ka ba da maganinka jijiyar ta riga ta saki, saura kaɗan ya rage mata ta ƙara. Kuma tana danne ƙwayoyin jijiya. In ka ƙara ta da yawa sai ƙwaƙwalwar ta koma yin shiru tana zabura, tana yin shiru tana zabura. Medetomidin kuwa, ɗan'uwan zailazin da muke yi wa shanu kafin aiki, akasin haka yake: yana matse jijiya, yana rage bugun zuciya, kuma aikinsa na asali shi ne rage fitar noradirenalin, sinadarin da ke zaburar da jiki. To ku duba, amfetamin yana tura noradirenalin waje, medetomidin yana riƙe shi. Ka haɗa su a jiki ɗaya ka ce sakamakon na amfetamin ne? Akwai kuma alfa-kuloralos, wanda masu wannan aiki suka daɗe suna so saboda ba ya kashe amsar jini sosai, amma yawanci ba a tayar da dabbar bayansa. Abin dariyar, a wasu ƙasashe ana sayar da shi a matsayin maganin ɓera.

Sannan numfashi. Babu abin da ke buɗe jijiyar ƙwaƙwalwa kamar iskar kabon da ta taru a jini. Maganin zaburarwa ya sa ɓera ya yi ta haki, kabon ya ragu, jijiya ta tsuke a ko'ina. Ko barcin ya yi nauyi, numfashi ya ja baya, kabon ya taru, duk ƙwaƙwalwa ta yi ja.

Bazazzagi a Turai: Anti kin tuna mini abin kunya. Shekarata ta farko na samu hoto mai kyau irin wanda ake sa wa a bangon mujalla, ɓeraye biyar a jere, har na fara tsara abin da zan faɗa a taro. Wata ma'aikaciya da ta girme ni a aikin ta ce in kawo mata takardar numfashi. Ashe duk lokacin da na tura allura ina ɗan taɓa bututun iskar da gwiwar hannu. Ko ruwan gishiri na tura, ja zan samu. Wata biyu na aiki suka tafi. Tun daga ranar sai na sa bututu a jijiyar cinya ina auna matsin jini da iskar jini, kuma inji ne ke yi wa ɓeran numfashi.

Mai Hoto: Ka ga ni? Da bakinka.

Bazazzagi a Turai: Da bakina na ce an kama kuskuren. Da me aka kama shi? Da ma'aunin da ake sawa don a kama shi.

Ƙanwar Kowa: Yaya Bazazzagi, ina ce ƙwaƙwalwa tana da tsarin da ke riƙe gudun jininta daidai ko matsin jini ya sauya? A aji an ce mana tsakanin 60 da 150.

Bazazzagi a Turai: Haka littafi ya ce, kuma yana aiki, amma ba nan take ba. Jijiyoyin suna buƙatar 'yan daƙiƙu kafin su gyara faɗinsu. Allurar hodar iblis ta jijiya tana cilla matsin jini sama farat ɗaya, don haka abin da kika gani a minti na farko ki yi masa kallon tuhuma. Kuma maganin barcin da Anti ta lissafa yana raunana tsarin. Shi ya sa ake tura maganin a hankali, ko a ba da abin da zai ɗaga matsin jini kawai a ga me zai fito.

Wani abu kuma da ba a faɗa ba. A gwajin da aka saba, kunna haske ake yi a kashe, a kunna a kashe, sau da yawa, a ɗauki matsakaici. Magani ba a kashe shi. Sau ɗaya za ki tura, amsar ta ɗauki minti ashirin, talatin, ko fiye in amfetamin ne. A wannan tsawon lokaci ita kanta na'urar siginarta tana ɗan zamewa saboda ƙarafunta suna ɗumi. Raba zamewar na'ura da aikin magani shi ne rabin wahalar aikinmu.

Ɗan Maraɗi: To a bar shi a farke mana, a huta da rigimar maganin barci.

Anti Likitar Dabbobi: Ana yi. Craig Ferris a Amurka ya yi suna a kan haka. Ana kwana da kwanaki ana saba wa ɓeran da akwatin da ƙarar kafin ranar. Amma ka yi tunani: dabba a ɗaure, kai a maƙale, ƙara a kunne, sannan ka ba ta abin da aikinsa shi ne ya hana ta zama wuri ɗaya. Ƙwaƙwalwar ɓera giram biyu ce. Motsin da bai kai kaurin farce ba ya isa ya ɓata hoto. Kuma tsoro shi ma yana taɓa dofamin. Ka gudu daga wani rami ka faɗa wani.

Amma tunda an ambace shi, akwai aikinsu na 2005 da nake so. Sun gwada ɓeraye mata a farke. Waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, hodar iblis ta ɗaga siginar hanyoyin lada, wato na jin daɗi, a ƙwaƙwalwarsu. Masu shayarwa kuwa, tsotson 'ya'yansu ne ya ɗaga waɗannan wurare, hodar ta rage su. Magani ɗaya, jinsi ɗaya, na'ura ɗaya.

Ɗan Maraɗi: Allahu Akbar. Uwa uwa ce ko a cikin ɓeraye.

Baba Farfesa: Ka bi a hankali da wannan fassara Malam, amma na ji daɗinta.

'Yata, ga abin da nake so ki kai wa malaminki, don shi ne zai nuna masa kin yi karatu. Dofamin ba maɓallin fitila ba ne. Yana da makarɓai iri biyu manya. Dangin D1 suna ƙara wa ƙwayar jijiya kuzari, dangin D2 suna rage mata. A cikin sitirayatom, wurin da ya yi ja a hotonki, kusan rabin ƙwayoyin na wannan ne rabi na wancan. An gwada a ɓera: maganin da ke taɓa D1 kaɗai yana ƙara yawan jinin wurin, mai taɓa D2 kaɗai yana rage shi. Hodar iblis ba ta zaɓe. Toshe hanyar da ake kwashe dofamin take yi, ya taru, ya faɗa kan duka biyun. Amfetamin ma ya fi ta ɓarna, juya hanyar yake yi ta koma zubarwa waje. Abin da na'ura ke gani shi ne ragowar bayan an ci an ba da canji.

Bazazzagi a Turai: Baba bari in ɗora, don nan ne abin ya fi daɗi. A ɓera ragowar hawa ce. A 2011 Joseph Mandeville da abokan aikinsa, a Boston ɗin dai, sun yi gwajin da birai a farke, har da waɗanda ke tura wa kansu hodar. Jinin waɗannan wurare sauka ya yi. Magani ɗaya, ɓera sama, biri ƙasa. Bayanin da suka bayar shi ne rabon D1 da D2 ya bambanta, ɓera D1 ya fi rinjaye a wurinsa fiye da yadda yake a biri.

Mai Hoto, ga inda nake so ka tsaya. Akwai hanyar da ba ruwanta da jini sam: ta Louis Sokoloff ta 1977, inda ake ba dabba sukari mai alama a ga ina aka fi cin sa. Linda Porrino da abokanta sun bi wannan hanya da hodar iblis. A ɓera cin sukari ya ƙaru a waɗannan wurare, a biri ya ragu. A mutane ma da aka auna da PET a 1990 raguwa aka gani. Wato ma'aunin da bai san famfo ba ya nuna alkibla ɗaya da ma'aunin jinin, a kowace dabba. In ado aka yi wa famfo, wa ya gaya wa sukarin ya bi shi?

Mai Hoto: Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na janye kalmar "yawanci". Amma ka lura ka ba ni makami: in biri da mutum sauka suke yi, to taken ƙanwarmu ya ƙara lalacewa. "Kunna" ɗin ma na ɓera ne.

Ƙanwar Kowa: Innalillahi. Na shigo da layi ɗaya a ƙarƙashin kalma ɗaya, yanzu duk shafin ya tafi.

Shugaban Zaure: Haƙuri ƙanwarmu, gara a nan da a gaban malamai. Jama'a a ci gaba amma a rage tsawon saƙo, masu ƙaramar waya suna kuka.

Bazazzagi a Turai: Ranka ya daɗe a yafe mini wannan ɗaya. Ƙanwata duba ƙasan hoton, an rubuta BOLD ko CBV? Akwai kalmar MION?

Ƙanwar Kowa: Na amfetamin ɗin an rubuta CBV da MION. Na ɗauka sunan na'urar ne.

Bazazzagi a Turai: To wannan ba BOLD ba ne ma. Ƙananan ƙwayoyin ƙarfe ne ake zuba wa ɓeran a jini, su yi sa'o'i suna yawo. Ƙarfen ya fi hemogulobin dagula maganaɗisu nesa ba kusa ba, don haka abin da ake aunawa shi ne yawan jinin da ke wurin, wato CBV, ba oksijin ɗinsa ba. Kuma a juye yake: jini ya ƙaru, ƙarfe ya ƙaru, sigina ta faɗi. Masu rubutu ne ke juya alamar kafin su shafa launi. Mun fi son sa a aikin magani don ya fi BOLD ji, kuma abu ɗaya yake aunawa, ba gaurayen gudun jini da yawansa da cin oksijin ba. Kada ki jera hotunan biyu ki ce abu ɗaya suke nunawa, wani zai kama ki.

Ɗan Maraɗi: Tambaya ta ƙarshe daga ni. Goro fa? Ni ba na shiga aji sai da ɓari a baki. Shi ma ai zaburarwa yake yi.

Baba Farfesa: Da ka fara da wannan da mun huta. Kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi shi ne misali mafi tsabta na duk abin da muke faɗa. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, adenosin, mai aiki biyu: yana sa ƙwayoyin jijiya su yi laushi ka ji barci, kuma yana buɗe jijiyoyin jini. Kafeyin toshe shi yake yi. Sai ƙwayoyin su wartsake, jijiyoyin kuma su tsuke. Miligiram 200, kamar kofi biyu, yana rage gudun jinin ƙwaƙwalwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idonka ya buɗe tar, kana warware lissafi, amma mai kallon 'yan garuwa daga bene zai ce unguwar makoki ake yi.

Mai Hoto: Kuma saboda jinin da ya sauke oksijin ya ƙaru tun daga tushe, in ka nuna wa mutumin haske amsar BOLD ɗinsa tana iya fitowa ta fi girma. Har an taɓa ba da shawarar a riƙa ba mutane kafeyin don a ƙara wa hoto ƙarfi. Shi ya sa masu binciken fMRI ke tambayar me ka sha da safe. Malam, in dai hoton gwiwa ko baya za a yi maka, ci goronka, ba ruwanmu.

Ɗan Maraɗi: Alhamdulillahi. Tiramol da yaranmu ke sha fa, suna cewa yana ba su ƙarfin aiki?

Anti Likitar Dabbobi: Ba ya cikin wannan aji, dangin ofiyom ne, maganin ciwo. Sai dai yana hana kwashe serotonin, wani sinadarin saƙo a ƙwaƙwalwa, da noradirenalin, ta nan ake samun wannan jin kuzarin, kuma in an sha da yawa yana kawo farfaɗiya. A na'ura shi ma da tasa rigimar: dangin ofiyom suna rage numfashi, kabon ya taru, mun koma maganar ɗazu.

Mai Hoto: Tunda an zo ƙarshe bari in saka kifina. A 2009 Craig Bennett da abokansa sun sa mataccen kifin salmon a na'ura, suka nuna masa hotunan mutane, suka yi lissafi ba tare da gyaran da ake yi ba idan ana gwada dubban gurabe lokaci guda. 'Yan ɗigo suka yi ja a ƙwaƙwalwar kifin. Da gangan suka yi don su ja kunnen mutane, har aka ba su kyautar Ig Nobel, ta binciken da ke ba da dariya, a 2012. Ƙanwata ki duba ɓeraye nawa ne a takardar, da wane gyara aka yi.

Bazazzagi a Turai: Kullum sai ka kawo kifin nan. Shekara nawa yanzu, ai ya ruɓe.

Ƙanwar Kowa: Ashe babu yadda za a ga dofamin ɗin kansa a MRI, a daina bin jini?

Bazazzagi a Turai: An fara. Rukunin Alan Jasanoff a jami'ar MIT ta Amurka sun ƙera wani furotin mai ƙarfe a ciki wanda ke sauya sigina idan dofamin ya maƙale masa, sun buga aikin a 2014, a ɓera. Amma sai an zuba shi cikin ƙwaƙwalwa kai tsaye, ba abin da za a yi wa mutum ba ne. Wasu kuma suna sa wayar lantarki a ƙwaƙwalwa a lokacin da ake ɗaukar hoton. Haka Nikos Logothetis ya yi da birai a Tubingen ta Jamus a 2001, ya nuna BOLD ya fi bin saƙonnin da ke shigowa wuri da ɗawainiyar cikin gida, fiye da harbin da ke fita. Wannan ma ki riƙe: ko hana aiki ma aiki ne, yana cin kuzari, yana kiran jini.

Baba Farfesa: Kuma 'yata kada ki raina abin da ke hannunki. Ba ku da tesla tara a sashenku, amma kuna da ɓeraye da madubin ƙara girma. Rinin c-Fos a yankan ƙwaƙwalwa yana nuna ƙwayoyin da suka yi aiki sa'a ɗaya ko biyu da suka wuce, kuma masu manyan na'urorin da kansu suna komawa gare shi su tabbatar da hotonsu. A 2009 Yen-Yu Ian Shih da abokansa sun ga jinin sitirayatom na ɓera ya ragu lokacin da aka jawo masa raɗaɗi a ƙafa, amma c-Fos da wayar lantarki suka nuna ƙwayoyin ƙara aiki suka yi. Da hoton kaɗai suka tsaya da sun faɗi akasin gaskiya.

Ƙanwar Kowa: Na gode Baba, na gode Anti, na gode Yayyena. Ga sabon take: "Sauyin yawan jini a sitirayatom na ɓera bayan allurar amfetamin, ƙarƙashin maganin barci." Ya yi?

Mai Hoto: Ya yi daidai, sai dai babu wanda zai zo saurare.

Anti Likitar Dabbobi: Wane maganin barcin? Rubuta sunansa.

Ƙanwar Kowa: Halotan aka rubuta, Anti.

Anti Likitar Dabbobi: Shi ma yana buɗe jijiya, kuma yana sa zuciya ta ƙara jin adirenalin, ga shi an haɗa shi da amfetamin. Koma sashen da suka bayyana yadda suka yi aikin ki nemo mini matsin jinin ɓerayen kafin allura da bayanta, da adadin kabon ɗinsu. Ki turo nan kafin isha'i, ina da saniya mai naƙuda da daddare.